Ɗacin Tukunya da Ɗacin Kwalba: Magana ga Mai Juna Biyu

 

Ke ma kin sani, da zarar ciki ya shiga wata na bakwai, a yawancin gidajenmu sai a tayar da maganar zaƙi. Za a ce kin sha rake, kin sha shayi da madara, kin ci dabino, zaƙi ya taru, idan ba a fitar da shi ba zai tare wa yaro hanya ranar naƙuda. Maganin zaƙi kuwa, a fahimtar mutanenmu, ɗaci ne. A da kaka ce take jiƙa saiwa da sassaƙe a tukunyar ƙasa. Yanzu kwalba ta shigo, wadda ake kira bitas. Tana nan a kemis, tana nan a kantunan unguwa daga Ƙauyen Alu har Gyadi-Gyadi da Tarauni, ga kuma masu talla da lasifika a bakin tasha suna lissafa cututtukan da take warkarwa har numfashinsu ya ƙare. Mata da yawa da suke zuwa awo sun ɗauka cewa tunda tana da murfi da takarda da rubutun Turanci, to ta fi jiƙon kaka tsafta da aminci. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: mai ciki ba ta da abin nema a cikin wannan kwalba, tun daga ranar da ta yi ɓatan wata har ta yaye. Amma kada ki ɗauka ina cewa ki yi sallama da miyar shuwaka ko citta da kanumfari. Waɗannan hukuncinsu daban ne, kuma zan zo kansu.

Bari mu fara da asalin abin. Kalmar bitas ta Turanci ce, ma'anarta masu ɗaci. Turawa sun daɗe suna jiƙa saiwoyi da ɓawon itatuwa da kayan ƙamshi a cikin barasa mai ƙarfi, domin barasa ta fi ruwa tatso ɗaci da ƙamshin itace, kuma tana hana jiƙon lalacewa. Wanda ya fi suna a duniya shi ne Angostura. Wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert, wanda yake duba sojojin Simón Bolívar a Kudancin Amurka, shi ya haɗa shi a shekarar 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela, garin da a yanzu ake kira Ciudad Bolívar. Ya yi shi ne don ciwon ciki da rashin cin abinci. A 1875 'ya'yansa suka mayar da sana'ar tsibirin Tirinidad, inda ake yin sa har yau. Masu kamfanin sun ɓoye sirrin haɗin, sai dai an san akwai saiwar wani tsiro mai tsananin ɗaci da ake kira jenshiyan, kuma a jikin kwalbar an rubuta ƙarfin barasar da ke ciki: kashi 44.7 cikin ɗari. Giyar kwalba ta yau da kullum wajen kashi 5 take.

Abin lura shi ne yadda masu abin suke amfani da abinsu. Tuntuni ya tashi daga magani ya koma kayan ɗanɗano. Bakin kwalbar ma an tsuke shi don ya riƙa fitowa ɗigo-ɗigo. Mai haɗa abin sha zai ɗiga biyu ko uku a kofi. Mai girki a can Tirinidad takan ɗiga a miya, a romon kifi, a naman da za a gasa, a kek, ko a kan 'ya'yan itacen da aka yanka, kamar yadda ke za ki barbaɗa ɗan masoro a farfesu. Ko a nan gida, Chapman ɗin nan da ake rabawa a wajen biki, mai jan launi da yankan kokwamba da lemon tsami, a ainihin haɗinsa akwai 'yan ɗigon Angostura. Barasar da za ta shiga kofi ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma ya kamata ki san tana nan, ki tambayi mai haɗawa, ko ki ce a yi miki naki babu. Hukuncin addini kuwa malamai ne za su faɗa miki, ba ungozoma ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne, da ɗigo ake auna shi. Mu ne muka mayar da ma'aunin murfi biyu safe, murfi biyu dare.

Waɗanda suka cika kasuwarmu iri biyu ne. Akwai waɗanda giya ce tsagwaronta da aka sa wa ganyaye. Alomo Bitters na kamfanin Kasapreko a ƙasar Gana barasarsa wajen kashi 40 ce, Orijin Bitters kuma kashi 30. Masu yin su ba su ɓoye ba, a rubuce yake a jikin kwalba. Inda gizo yake saƙar shi ne, a Kano kalmar bitas ta riga ta zauna a kunnen jama'a a matsayin maganin basir da dattin ciki. Saboda haka baiwar Allah da ba ta taɓa kusantar giya ba a rayuwarta tana iya shan murfi biyu har da bismillah, idan wani ya juye mata a gorar ruwa ya ce daga Kudu aka kawo. Barasa kuwa tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan da ke ciki, alhali hantarsa ba ta yi ƙwarin sarrafa ta ba. Tun 1973 likitoci suka sa wa wannan illa suna: yaro ya zo ƙarami, kansa ƙarami, ga raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa. Gaskiya ne hakan ya fi samun 'ya'yan masu sha da yawa, amma duk da haka likitoci ba su ware wa mai ciki ko cokali ɗaya ba.

Iri na biyu su ne waɗanda ake sayarwa da sunan maganin gargajiya, wasunsu ma an rubuta babu barasa. Tsohon cikinsu shi ne Swedish Bitters, wanda wata mai maganin ganye 'yar ƙasar Ostiriya, Maria Treben, ta yayata a littafinta na 1980. A cikin haɗinsa akwai alobera, da filasko, da kafur, da za'afaran, da wasu saiwoyi. Duk wadda ta taɓa shan filasko ta san aikinsa. Da yawa daga cikin na gida ma wannan hanya suka bi, wato masu sa gudawa ne, shi ya sa ake kiransu wankin ciki. Mutum zai sha, cikinsa ya murɗa, ya yi ta zarya banɗaki, sai ya ce magani ya yi aiki, datti ya fita. Abin da ya fita ruwan jikinsa ne da gishirin da jiki yake buƙata. Ga mai ciki kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙarancin ruwa a jiki da murɗawar hanji suna iya tayar da mahaifa kafin lokaci, a haifi bakwaini. Ɗanyen ruwan alobera mai ɗacin nan an daɗe da gargaɗin masu ciki a kansa. Filasko ma akwai ƙwayarsa a asibiti, likita yana iya rubuta ta na 'yan kwanaki, amma ya san nauyin abin da ya ba ki, ya kuma san ranar da za ki daina.

Za ki ce ai da lambar NAFDAC a jiki. To ki duba lambar da kyau. Yawancin magungunan ganye lambarsu da harafin L take ƙarewa, ma'ana an ba su izinin shiga kasuwa ne bayan an duba cewa ba guba ba ne nan take. Lambar ba ta nufin an tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa, shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba. Haka kuma ba ta nufin an gwada su a kan masu ciki. Hasali ma da yawansu a can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta kada mai ciki da mai shayarwa su sha. Mai lasifika dai ban taɓa jin ya karanto wannan layin ba.

Yanzu mu koma kicin. Mu ma muna da namu ɗacin mai ƙamshi, ba sai da Bature ya zo ba. Ki shiga kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ki bi ta wajen masu kayan yaji, hancinki kaɗai zai ba ki labari. Ga kanumfari wanda asalinsa tsibiran Indunusiya ne, ga kimba da masoro daga dazuzzukan Kudu, ga citta daga Kudancin Kaduna wajen Kaciya. Da su ake yin fura ta zama fura, da su kunun zaƙi da kunun tsamiya suke tashin kai, su ne a yajin daddawa da farfesun maijego. A ɓangaren ganye da 'ya'ya kuma ga shuwaka, ga gauta da yalo, ga zogale mai ɗan ɗaci-ɗaci, ga garafuni. Ɗan ɗaci a baki yana tsinka yawu yana buɗe ciki, shi ya sa za ki ga mai laulayi da ta kasa cin komai tana marmarin yalo. Ki ci abinki. Ki sha miyar shuwaka da tuwo, ki ci kwaɗon zogale, ki sa citta a kununki. Ganye yana sauƙaƙa bayan gida, yana kuma taimakon jini.

Amma ki lura da yadda gwanar girki take mu'amala da ɗaci. Shuwaka sai an murza ta an wanke, an zubar da ruwa ɗaya, biyu, uku, har kumfa ta tafi, sannan ta shiga tukunya. Kimba ana fasa ta a cire 'ya'yan, domin su ne suke ɓata romo. Kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar ya ishi tukunya guda, tukunyar kuma ta mutum goma ce. Idan hannu ya zarce, babu wanda zai ci, maigida ma sai ya yi magana. Wato a girki harshe ne mai gadi, ba zai bari ki wuce kima ba. A jiƙo da kwalba kuwa an kori mai gadin: ana toshe hanci a kafa kai, a kora da ruwa. Ruwan farkon da mai girki take zubarwa shi ne mai magani yake tarawa a kofi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna tataccen ruwan shuwaka yana sa mahaifa ta matse. Darbejiya kuwa, wadda aka kawo mana daga Indiya a zamanin Turawa, dama ba abinci ba ce, kuma an samu jarirai a Maleshiya da Indiya da man 'ya'yanta ya jefa su cikin jijjiga da suma. Ga shi jiƙo ba shi da ma'auni. Saiwar da aka tono da rani ƙarfinta daban da ta damina, wanda ya kwana ɗaya a ruwa daban da wanda ya kwana uku.

Iyayenmu da suke cewa magani a ɗaci yake ba daga sama suka tsinci maganar ba, kuma ni ba na raina ta. Kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi, wasu masana biyu 'yan Faransa suka tace shi a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau asalinsa wani nau'in tazargade ne na ƙasar Sin, wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro sinadarinsa a 1972, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Sai dai aikin da suka yi shi ne ware abu ɗaya mai amfani daga cikin ɗaruruwa, da gano adadin da zai kashe cuta ya bar mai ita. Ɗacin kansa ba shi ne maganin ba. Ki tuna kulorokwin da aka ɗura mana muna yara. Ɗacinsa yana nan yadda kika san shi, amma tun 2005 Nijeriya ta sauke shi daga maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Ita kuwa 'yar ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da muke ba ki a wajen awo, folik asid, kusan ba ta da ɗanɗano, amma ita take kare yaro daga naƙasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa. Allah Ya sa mana jin ɗaci a harshe ne don mu yi hattara, domin guba da yawa ɗaci gare ta. Uwar da take shafa maɗaci a nono ranar yaye ta san wannan sarai.

To shi zaƙin fa, mene ne? Wannan abu mai yauƙi kamar majina da yake fitowa gab da haihuwa, wani lokaci da ɗan jini-jini, ba sukarin da kika sha ba ne. Toshiya ce da Allah Ya yi wa bakin mahaifa tun farkon ciki, don kada ƙwayoyin cuta su hau su iske yaro. Idan bakin mahaifa ya fara laushi yana buɗewa, da kanta take saukowa, ko kin sha ɗaci ko ba ki sha ba. Ba ta taɓa tare wa yaro hanya ba. Abubuwan da suke tsawaita naƙuda sanannu ne: yaro ya kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu, kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko naƙudar ta zama marar ƙarfi. Babu ɗaya a ciki da jiƙo yake gyarawa, kuma wasunsu tun a wajen awo ake hango su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da wannan fahimta shi ne yadda take sa mace ta yi murna da abin da ya kamata ya taso ta asibiti. Ruwa zai fara zubo mata a wata bakwai ko takwas, sai a ce alhamdu lillahi magani ya karɓe ta, zaƙi yana fita, a ƙara mata wani kofin. Alhali faya ce ta fashe kafin lokaci, ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Kwana biyu, uku tana gida, sai zazzaɓi, sai ruwan ya fara wari, sai motsin yaro ya ragu. Wata kuma farin ruwa ne mai ƙaiƙayi na sanyi, wanda maganinsa a asibiti bai taka kara ya karya ba, amma ta yi wata biyu tana shan ɗaci a kansa. Duk ruwan da ya zubo miki, ko kaɗan ne, ko babu ciwo, ki sa ƙyalle mai tsafta ki taho a duba a ranar.

Haka abin yake ga jiƙon da ake bayarwa idan naƙuda ta fara, wai don ta yi sauri. Wasunsu suna aiki, kuma aikin nasu shi ne haɗarin. Mahaifa tana buƙatar ta matse ta saki, ta matse ta saki, domin a lokacin sakin ne jini yake isa ga yaro. Idan ta matse babu hutu, yaro zai galabaita ya yi kashi a ciki, mahaifar kuma tana iya yagewa, musamman ga wadda aka taɓa yi wa aiki ko wadda ta haihu biyar zuwa sama. Mu ma a ɗakin haihuwa muna da maganin ƙara naƙuda, amma a cikin ƙarin ruwa muke sa shi, muna ƙirga ɗigo, muna sauraron bugun zuciyar yaro. Da mun ga ya yi yawa sai mu rufe. Abin da kika riga kika haɗiye babu wajen rufe shi.

Akwai kuma zaƙi na gaskiya, wato ciwon suga na masu ciki. Shi yakan sa yaro ya yi girma fiye da kima har haihuwa ta yi wuya. Ba a gane shi da ido, da gwajin jini ake ganewa, galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Maganinsa gyaran abinci ne da motsa jiki, wani lokaci da allura. Shan ɗaci a kan sukari ba ya goge sukarin, kamar yadda barkono ba ya cire gishirin da ya yi yawa a miya.

Na san ba don nishaɗi kike neman kwalbar nan ba, akwai abin da yake damun ki. Idan tashin zuciya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar awon ciki ta 2016 ta amince da citta: ɗan yanki a ruwan zafi ya isa, ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, kada ki bar cikinki wayam. Idan ƙwannafi ne, ki rage maiƙo da yaji da daddare, kada ki kwanta da zarar kin ci, ki ɗaga matashi, akwai kuma maganin da za mu ba ki. Idan bayan gida ne ya yi tauri, wanda ƙwayar ƙarin jini takan jawo, ki ƙara ruwa da ganye da gwanda da lemo da wake, kada ki daina shan ƙwayar ba tare da kin gaya mana ba. Idan kuwa zazzaɓi ne, ko bakinki yana ɗaci jikinki yana ciwo, a gwada jini. Fansidar ɗin da ake ba ki a wajen awo daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku, ita ce rigakafin da aka tabbatar. Ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi kuwa alamun hawan jini ne mai kai wa ga jijjiga, ba a kwana da su a gida.

Hajiya, uwar miji ko uwar mai ciki, na san don ƙauna kike jiƙawa, kuma na san yarinya ba za ta iya kallon idonki ta ce ba za ta sha ba. Shi ya sa nake roƙon ki kai tsaye. Ki yi mata miyar shuwaka da hannunki, ki daka mata yajin jego ki ajiye, ki rako ta awo ki yi mana duk tambayar da kike so. Idan jikanki ya iso, kada a ɗura masa ɗauri ko wani jiƙo don wanke ciki. Dakashin nan na farko da wasu suke matsewa su zubar shi ne yake wanke masa ciki ya kuma ba shi kariya, nono kaɗai ya ishe shi har wata shida. Malam maigida, kai ne mai sayowa a hanyar dawowa daga kasuwa. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da wake da ganye, kuma idan kai ka ce a dakata, magana ta fi sauƙi a kan matarka.

Idan kuma kin riga kin sha, 'yar'uwa, kada ki tsorata, kada kuma ki ɓoye. Shan murfi ɗaya ko biyu ba ya nufin wani abu ya samu yaro. Ki daina daga yau, ranar awonki ki sako kwalbar a jaka tare da katinki, ko ragowar saiwar idan jiƙo ne, ki gaya mana tun yaushe kika fara da kuma sau nawa kike sha a rana. Da wannan ne likita zai san ko akwai buƙatar duba hanta da ƙoda, ko a yi hoton ciki a ga girman yaro da yawan ruwansa. Idan ranar awon da nisa kuma kina gudawa ko mararki tana murɗawa, kada ki jira ranar, ɗakin haihuwa a buɗe yake dare da rana. Allah Ya raba ku lafiya.